Taswirar da Ta Sayar da Shanun Kakana

Shekarar da aka rufe makarantarmu ta kwana saboda tsoron 'yan bindiga, Baba ya rantse ba zan zauna a gida ƙwaƙwalwata ta yi tsatsa ba. Tsohon malamin firamare ne, har akuya yakan yi wa gyaran kuka. Ya hau babur ya tafi Gwarzo, ya dawo da damin takardu, kowace da zanen iyakar ƙasa kawai, cikinta fayau. Wai taswira ce, ni zan cika ta.

Ta farko da hatsi na cika ta: ƙwayar dawa birni, gero ƙauye. Na shiga shan ruwa, kafin in fito kajin Inna sun cinye Kudu kaf, zakara na tsaye a kan Sakkwato yana cara. Baba ko murmushi. Ya miƙo min ta ƙaramar hukumarmu, Kabo, ya ce wannan da biro.

A lokacin gidanmu ba lafiya. Kakana, mahaifin Baba, yana da 'yan shanun da suka rage daga garken ubansa. Duk damina sai an kai ƙararmu gaban mai unguwa kan ɓarnar gona. Baba ya daɗe yana cewa a sayar da su kafin wata rana a zubar da jini. Amsar Kaka ɗaya ce kullum: burtali yana nan, hanyar shanu ba ta mutuwa.

Da Kaka ya ga taswirar a hannuna, ya juya ta sama da ƙasa, ya ce takardar da ba ta san hanyar mashaya ba me ta sani? Baba ya ce to ya nuna min. Aikina ke nan: in bi Kaka daga gefen Garo zuwa mashayar wajen Durun, inda burtali yake a buɗe in ja koren layi, inda gona ta cinye in ja ja.

Safiya uku muna tafe. Ya nuna min inda garke biyu kan wuce ƙaho bai taɓa ƙaho ba. Yanzu ko ramammiyar akuya sai ta riƙe numfashi. Masara dama, gyaɗa hagu, a tsakiya wani ya dasa barkono. Jan birona har ya fara shessheƙa.

A gindin wata tsamiya ya tsaya ya daɗe yana kallon takardar.

"Amarya, sa kore a nan. Bara ma mun wuce."

Tun ina rarrafe yake kirana amarya, ni kuma tsoho mai ran ƙarfe, kullum cikin tsokanar juna muke. Na ɗauka ita ce.

"Tsoho, ajinmu ba a karɓar toshi. Ka bari sai ka kawo lefe."

Na ja jan layi, har na ƙara masa kauri yana kallo. Bai rama ba. Ban taɓa tsokanarsa bai rama ba, amma hankalina na kan maki.

Baba ya ba ni goma bisa goma. Bayan la'asar ya kira ƙannensa, ya shimfiɗa taswirar a tabarma gaban Kaka, ya ɗora yatsa a kan tsamiyar. Ina leƙe ta bayan zana. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi yarinyar da ba ta da gona ba ta da sa ita ta zana, kuma tare da Kaka. Kaka ya dubi zanar da nake ɓoye a bayanta, ya sunkuyar da kai.

Ranar kasuwa mota ta zo. Jar saniyar da nake shan nononta tun ina ƙarama ta ƙi hawa, sai da Kaka da kansa ya kama kunnenta ya yi mata magana.

Har yau bai bari a cire turakun a garke ba, kuma da asuba yana zuwa ya zauna a wurin. Sati biyu bayan tafiyar shanun ya aiko a ba shi taswira ɗaya cikin waɗanda ban taɓa ba. Na kai masa da koren biro. Ya karɓi takardar ya ninke ya sa a aljihu, ya ce in mayar wa Malam bironsa. Da sunana ya kira ni.