Muryar Fatalwa

Ni ba na ɗaukar shirme a gidana, duk unguwarmu ta Arba wa Nus an sani. Shi ya sa ranar da na tarar da jikata Nafisa gaban talabijin, ana wani fim, gawawwaki sun fito daga kabari suna waƙa suna karkaɗa kafaɗa, na miƙa hannu zan zare wayar lantarkin. Sai na ji ta yi dariya. Yarinyar da tun shekarar dokar hana fita, da aka yi ta harbi a bakin titinmu, ko murfin tukunya ya faɗi sai ta shige ƙarƙashin gado. Na janye hannuna, don na tuna Iya.

Iya kakata ce, a ƙauyenmu can wajen Gadarif. Bayan magariba takan hura wuta a bakin rumfa, mu kewaye ta, tana gasa mana gyaɗa a toka. Shekarar da ƙyanda ta ɗauke ƙanena, ko bayan gida na daina zuwa ni kaɗai. Iya ba ta lallashe ni ba. Tatsuniyar wata fatalwa ta kawo, mai tare 'yan mata a hanyar rijiya. Sai dai tana da ciwo guda: ba ta iya jin kiɗa ta tsaya. 'Yan matan suka gane, suka riƙa buga mata ƙwarya. Tana rawa ƙasusuwanta na zubewa, har ta koma roƙo cikin waƙa a taya ta neman haƙarƙarinta.

"Wa ya fi kowa tsoro a nan?" in ji Iya. Yara suka nuno ni. "To ke ce fatalwar. Tashi, 'yar nema, ki roƙe mu da hanci."

Na tashi, na toshe hanci na rera. Kafin in kai ƙarshe, har ni ina riƙe ciki don dariya.

Na daɗe ina ɗaukar abin wasan tsohuwa. Ƙanena bai dawo ba, Iya ma ta san ba zai dawo ba. Ta dai sa abin da ke bina ya yi rawa a gabana, na ga ashe shi ma yana tuntuɓe.

Na zauna gefen Nafisa. "Wanne ya fi ba ki tsoro cikin shaiɗanun nan?"

"Mai ido ɗayan, Habboba," in ji ta, don haka ake kiran kaka a nan Sudan.

"Yalla, maza tashi ki yi min muryarsa."

Ta dube ni, ko da gaske nake. Ban yi murmushi ba. Na jawo tiren shayi, na fara buga mata.