Kafaɗar Kawu Dursun

Kawu Dursun, yayan mahaifiyata, mai kiwon zuma ne a wani ƙauye bayan garin Sivas a ƙasar Turkiyya. Amya talatin da ɗaya gare shi. Ni na ƙirga su, don shi cewa yake ƙirga amya na korar albarka. Amma ba da zuma aka fi saninsa ba, da jana'iza ne. Tun yana saurayi ba a taɓa fitowa da makara a ƙauyen ba tare da an ga kafaɗarsa a ƙarƙashi ba, ko ta amini ce ko ta wanda suka yi shari'ar gona.

Da yanar ido ta rufe masa idon dama, ni na ɗauko shi zuwa Istanbul aka yi masa aiki. Likita ya kafa sharuɗɗa uku: kada ya sunkuya, kada ya ɗauki kaya mai nauyi, kada ƙura ta shiga idon. In aka saɓa, aikin na iya lalacewa. Kafin ya koma gida na ce sai na zaga da shi gari, na kuma zaɓi wurare bakwai.

"Bakwai, Nurten? Yawon buɗe ido ne ko tallan gishiri?"

"Kawu, sa tabaranka mu tafi. Surutu ba ya cikin bakwan."

Muka fara da bakin ruwa a Uskudar. Jiragen fito biyar na gani, biyu na sauke mutane, uku na ɗiba, jama'a kuwa kafaɗa na gugar kafaɗa. Kawu ya ƙura wa teku ido ta cikin baƙin tabarau, can ya ce ruwan ya yi yawa, ga shi ba gonar da yake shayarwa. Na tsayar da shi a ƙofar masallaci, na je sayo mana burodi mai riɗi. Mutum huɗu ne a gabana a layi. Da na juyo, babu Kawu.

Ba ya riƙe waya, bai san sunan unguwarmu ba, maganin ɗigawa a idonsa kuma yana cikin jakata. Na zaga harabar masallaci, na leƙa wajen alwala. Na koma mashigar jirgi ina duba huluna. Tsofaffi tara na tare, babu nawa a ciki. Me zan gaya wa mahaifiyata?

Wani mai goge takalma da ke zaune gindin katanga ya kira ni. "Yaya, tsoho mai baƙin tabarau kike nema? Ai ya bi gawa."

"Wace gawa? Bai san kowa ba a garin nan!"

"To ni dai na gani. An idar da salla, aka zo ɗauka, maza ba su kai ba. Sai ga shi ya kutsa ya sa kafaɗa. Da aka saka a mota kuma ya shige motar 'yan rakiya kamar gidansu. Maƙabartar Karaja Ahmet suka nufa."

Na tare tasi. Duk hanya sharuɗɗan likita nake lissafawa: ɗaya ya riga ya tafi, saura biyu, a maƙabarta kuwa ga sunkuyo ga ƙura. Karaja Ahmet gari ne guda na kaburbura da dogayen itatuwa. Mai gadi ya nuna mini inda ake binnewa, na bi da gudu, ɗankwalina a hannu.

Na hango su. Liman, maza shida har da masu haƙan kabari, sai wata tsohuwa a gefe. Suna zuba ƙasa bi da bi, kowa ya gama sai ya ajiye shebur a ƙasa na gaba ya ɗauka, yadda aka saba. Kawu na zaune a kan dutse, nesa da ramin, ya juya wa iska baya, da buta a kan cinyarsa.

"Kawu!"

"Sassauta murya, 'yar nan, ba kasuwa ba ce."

"Ka ɗauki makara!"

"Ta wajen ƙafa na kama. Bawan Allah ba shi da nauyi, amya mai zuma ta fi shi."

"Shebur fa?"

Ya nuna wani magidanci mai jajayen idanu. "Ɗan mamacin nan ne ya hana ni. Na gaya masa zancen idon, ya ce in na taɓa shebur zai haɗa ni da 'yan sanda. Sai ya ba ni ruwan da za a yayyafa."

Na cire masa tabarau. Idon fari tas, ba ja, ba hawaye. Na rufe masa na hagu, na ɗaga hannu.

"Yatsu nawa?"

"Uku. Farcen na tsakiya kuma ya karye."

Sai a nan na samu wuri na zauna, numfashina ya dawo. Na ɗiga masa magani, yana ƙifta ido yana mita wai hannuna ya fi na makiyayi kaushi.

Da aka shafa addu'a, Kawu ya miƙe ya yayyafa ruwan daga kai zuwa ƙafa, a tsaye ƙyam, bai rusuna ba. Ɗan mamacin ya zo ya sumbaci hannunsa ya ɗora a goshi. Ya ce mahaifinsa ya daɗe kwance, abokansa duk sun riga shi, ya yi zaton da su uku za su ɗauke shi. Tsohuwar, matar marigayin, ta rantse ba za mu tafi ba sai mun je gida mun ci halawar sadaka.

Muna bin bayansu zuwa mota na raɗa masa, "Kawu, wai shin wa ya rasu?"

Ya tsaya, sannan ya taɓa kafaɗar magidancin.

"Ɗana, yaya ma sunan babanka? Ina so in riƙa sa shi a addu'a."