Wayar da Na Ɗaure a Hannun Laimar Jirgi

Edita, ina gaisuwa. Na daɗe ina karanta wannan shafi a shagona, ban taɓa zaton ni ma zan aiko da nawa ba. Ba zan faɗi sunana ba, ko da yake mutanen unguwannin Nima da Maamobi a nan Accra za su gane ni tun kafin su kai ƙarshe.

A lokacin da abin ya faru ni dillali ne da ake ji da shi. Na fara da tallar tsofaffin fitilun mota a bakin titi, na koma sayar da injin, daga nan motoci da janareto da duk abin da kwantena za ta sauke a tashar jiragen ruwa ta Tema. Ban yi boko mai nisa ba, amma na san kaya, na kuma san mutanenmu: ba sa kallo da ido kawai, sai sun taɓa, sun murɗa, sun ja. Shi ya sa ba na cire leda daga kujerar mota, kuma kullum akwai guntuwar waya da filaya a aljihuna. Murfin injin, bakin tukunyar gas, makunnin janareto, duk abin da hannun mai kallo zai kai gare shi sai na ɗaure.

Ina da amini da muka tashi gida ɗaya a Maamobi. Shi ya fita waje ya koyi tuƙin jirgin sama, ya dawo yana koyarwa a wani ƙaramin filin jirgi a bayan gari. Yana ce mini Alhajin Leda, ina ce masa direban tirotiron sama, wato motar hayarmu ta cikin gari. Da na ji labarin wani ƙaramin jirgi mai kujera huɗu da aka sa a gwanjo a ƙasar waje, shi na nema. Muka kawo shi, injiniyoyi suka harhaɗa, niyyata in sayar wa wani daga cikin manyan Accra. Abin da ya bambanta jirgin shi ne yana da laima tasa ta kansa, ba ta mutum ɗaya ba. An naɗe ta a bayansa. Idan injin ya mutu a sama kuma babu wurin sauka, matuƙi zai ja wani jan hannu da ke rufin jirgin saman kansa, ƙaramar roka ta fizgo laimar, jirgin gaba ɗaya da mutanen ciki ya sauko a rataye. Aminina ya nuna mini wani ƙarfe kamar ƙusa da ke kulle hannun idan jirgi yana ƙasa, wanda ake zarewa kafin a tashi. Ya ce mini in sayar da jirgin yadda na ga dama, amma don girman Allah kada filayata ta shiga ciki.

Wata rana wani attajiri ya zo kallo da tawagarsa, aminina ba ya nan. Ina juyawa sai na ga ɗaya daga cikinsu ya zare ƙusar, ya kama jan hannun yana tambaya ko birki ne. Na daka masa tsawa har maigidansa ya ji haushi. Na san idan rokar ta tashi, kaya ya faɗi daraja ke nan. Da suka tafi na yi abin da hannuna ya saba. Na zagaya waya sau uku ta bayan hannun, inda ido ba ya gani, na murɗe ta da filaya, na mayar da ƙusar. Da farko ba mantawa na yi ba, gudun faɗansa ne ya hana ni gaya masa. Na ce zan kwance kafin a sake tashi. Daga baya kuma kwantena biyu suka iso, na manta da gaske.

Bayan makonni ya ce jirgi ba ya son zama, mu ɗan zaga da shi. Da safe ne, mun ci waken shinkafa a hanya. Ya duba komai bi da bi, ya zare ƙusar ya sa a aljihu, muka tashi. Yana cikin nuna mini kogi daga nesa yana tsokanata wai na riƙe kujera kamar tsohuwa a bayan babur, sai injin ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Ya gwada tayar da shi ya ƙi. Ƙarƙashinmu duwatsu ne da itatuwa. Bai firgita ba. Ya ce mini in yi salati in riƙe bel ɗina, yau zan ga amfanin laimar da nake cika baki da ita. Ya ja hannun, bai motsa ba. Ya sa hannu biyu ya rataya da dukan ƙarfinsa. A nan na tuna. Filayar tana aljihuna, amma ban ciro ta ba, ƙasa kuma ta riga ta matso. Ya saki hannun ya koma kan tuƙi, ya kai mu wata gonar rogo, muka daki tudu.

Ni goshina kawai ya fashe. Shi kuwa bayansa ya karye, ya suma. Abin da na yi bayan haka shi ne ainihin abin da ya sa nake rubutu. Na jiyo muryoyin manoma suna tahowa, na miƙa hannu na yanke wayar, na cusa ta a aljihu. Masu bincike suka zo, suka ga laima lafiyarta ƙalau, suka ce ga alama ba a ja hannun yadda ya kamata ba. Magana ta iso unguwa ta canza kama. A majalisar masu shayi aka riƙa cewa tsoro ne ya kashe masa hannu, wasu suka ce mantawa ya yi da laimar, dama boko ba ya ba mutum zuciya. Ina zaune ana faɗa, sai in ce a bari, ƙaddara ce, har a yaba mini da rufa wa aboki asiri.

Shekara uku yana kan keken guragu, ina zuwa gidansa duk Juma'a da leda cike da kaya. Wata Juma'a matarsa ta raka ni ƙofa ta ce mini ba ciwon bayan ne ke cinsa ba. Ta ce yakan kama ƙarfen taga ya yi ta ja shi kaɗai, yana gwada ƙarfin hannunsa, yana tambayarta ko da gaske shi matsoraci ne bai sani ba. Na koma ciki a take na faɗa masa komai. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sai ya tambaye ni sau nawa na zagaya wayar, na ce uku. Ya yi wata 'yar dariya ya ce to ashe ya ja da kyau. Ya ce ƙafafunsa ya bar wa Allah, wayar ma ya yafe, don ya san halina tun muna yara. Shekara ukun da na bar shi yana zargin kansa ne bai san yadda zai yi da su ba. Ya ce in je in faɗa a inda aka ci mutuncinsa, sannan in huta da zuwa Juma'a.

Na faɗa. Na tsaya a majalisar bayan la'asar na faɗa da bakina, na kuma je wurin masu binciken. Ba wanda ya zage ni, da ma sun zage ni da ya fi sauƙi. Yanzu ana gaishe ni a wuce. Bencin ƙofar shagona da a da ba ka samun wurin zama, ni kaɗai nake kai. Shi kuwa na ji ɗalibansa sun koma ɗaukar darasi a tsakar gidansa. Nakan bi ta layin in jiyo muryarsa ta kan katanga, ba na tsayawa.

'Yan uwana 'yan kasuwa, akwai kayan da aka yi don a adana, akwai wanda aka yi don ya lalace a ranar da zai ceci rai. Ni ban bambance ba, na tsare laima na karya mutum. Abin da ba ka san aikinsa ba, kada wayonka ya kai hannunka gare shi. In kuma ka riga ka taɓa, ka faɗa a ranar, ko za a yi maka faɗa a gaban jama'a. Wayar minti biyu ta ɗauke ni, ya kuma yafe ta a zama ɗaya. Shirun da na yi ne ya raba ni da shi.