Gadon da Ya Jira Haihuwa

Yayana dillalin dabbobi ne a kasuwar Maigatari. Ya rasu bayan an gama girbin gero, a zazzaɓin kwana huɗu. Ya bar mahaifiyarmu, da matarsa, da 'ya'ya mata biyu ƙanana, sai ni ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ina yaro mahaifinmu ya rasu, don haka ban taɓa ganin yadda ake rabon gado ba. Ni malamin firamare ne a Gumel, lissafi nake koyarwa, na ɗauka aikin yini ɗaya ne: a tara, a kasa, kowa ya ɗauki nasa.

Banki ne ya tura mu kotu. Na je da wayarsa da katinsa, suka yi mini ta'aziyya, suka ce ba za su taɓa ajiyar mamaci ba sai da takardar alƙali. Na nufi kotun shari'a washegari. Magatakarda, wani dattijo mai farin gilashi, ya ce in kawo wasiƙar mai unguwa, da shaidu biyu waɗanda ba su da rabo a dukiyar, da magadan da kansu. Na ce matar tana takaba. Ya ce ita a bar ta, su za su je inda take.

Ranar da aka sa mana, na ɗauko Inna a keke mai ƙafa uku. Ba ta taɓa shiga kotu ba, ta tuɓe takalmanta tun daga bakin ƙofa. Alƙali ya gaishe ta, ya yi wa mamaci addu'a, sannan ya ce, "Hajiya, mene ne sunan marigayin?"

Inna ta sunkuyar da kai. "Yaron nan dai," ta ce.

Ya sake tambaya, ta sake cewa yaron nan. Ɗan fari ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, kuma mutuwa ba ta canja hakan ba. Alƙalin ya gane, ya yi ɗan murmushi, ya ce ni in faɗa, ita ta gyaɗa kai idan daidai ne. Haka aka yi.

Ya tambaya ko ana bin marigayin bashi, ko ya bar wasiyya. Muka ce mun yi cigiya a masallaci da kasuwa, waɗanda suka zo an sallame su. Ya lissafa magada ɗaya bayan ɗaya, har na fara gyara zama ina jiran in ji kason kowa. Sai ya ce, "Matar tana da juna biyu?"

Wannan ba maganar da ƙanin miji ke shiga ba ce. Inna ce ta amsa a hankali, "Wata biyar."

Alƙali ya ajiye biro. "To, sai mu jira."

"Allah gafarta Malam, mu jira me?"

"Mu jira magaji ɗaya da bai iso ba. Ba za a raba ba sai ta sauka." Ya dube ni. "Kai ma maganar ta shafe ka. Idan mace ta haifa, 'ya'yan mata su uku za su ɗauki biyu bisa uku, uwa ta ɗauki ɗaya bisa shida, mata ɗaya bisa takwas, ɗan abin da ya rage naka ne. Idan namiji ne, ya kare ka, ba ka da ko allura."

Na yi lissafin a kaina kafin mu fita, kashi ɗaya ne cikin ashirin da huɗu. Ba yawansa ne ya tsaya mini a rai ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne a ce wanda ko numfashin duniya bai fara ba ya tsayar da alƙali, da banki, da mu duka. A hanya na tambayi Inna ko ta san haka ake yi. Ta ce ta sani mana, an yi a gidan kawunta a Sule Tankarkar, ita dai ba ta san da kotu ake yi ba.

Jiran bai hana ƙidaya ba. Bayan mako biyu magatakarda ya zo gidan da wasu mutum biyu masu yi wa kaya ƙima. Matar yayana na daga cikin ɗaki, labule a sake, shi kuma yana tsakar gida da littafinsa. Duk abin da ya gani sai ya tambaya, "Wannan na wa ne?" Babur na marigayi ne. Keken ɗinki nata ne, da kuɗin adashinta ta saya. Da aka zo kan awaki biyar, ta ce uku nasa ne, jar akuya da 'yarta na babbar yarinyar ne, shi ya ba ta ranar da ta sauke izu biyar. Magatakarda ya ce akwai wanda ya ji? Inna ta ce a gabanta aka yi. Ya cire su daga lissafi. A nan na koyi cewa kafin a tambayi wa zai samu, sai an gama sanin mene ne na mamacin tukuna. Geron da ke rumbu ma an auna, aka ce a ci gaba da ci, amma a riƙa rubutawa.

Gonar yayana tana hanyar Gagarawa, inda yake shuka riɗi. Muka je da igiyar awo, maƙwabtan gona suka fito suna nuna iyaka, wannan kututturen, wancan layin gamba. Wani tsoho ya ce tsamiyar da ke kusurwar gabas ba ta cikin gado, ta gidansu ce, kakansa ya sayar da ƙasar ya riƙe bishiyar. Na yi zaton za a yi musu. Magatakarda ya tambayi sauran, suka ce haka ne, ya rubuta, muka wuce.

Ana nan wata Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, wani baƙo dogo mai rawani ya yi sallama a makarantarmu yana nemana. Daga ƙetaren iyaka yake, wajen Damagaram. Ya ce labarin rasuwar bai daɗe da isa gare shi ba, kuma akwai karsana biyu da yayana ya ba shi kiwo shekara biyu da suka wuce, ɗaya ma ta haihu. Babu wanda ya san da su a gidanmu, har matarsa. Na kai shi kotu. Magatakarda ya nemi shaidarsa, baƙon ya zaro abin da ya kira dantite, wato katin shaidar ƙasarsu, daga cikin layar wuyansa. Da ya gama bayani na tambaye shi, tunda ba takarda, ba shaida, me ya sa ya ɗauko wannan doguwar hanya?

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. "Ai na marayu ne, Malam," ya ce. Ya ƙi karɓar kuɗin mota.

Abokan aikina kuwa sun sami abin tsokana. Kullum da safe sai wani ya ce, "Malam, me kake roƙo, mace ko namiji?" In yi dariya in ce lafiya nake roƙo. Gaskiya ne, amma ba zan ɓoye ba, wani lokaci in na wuce ta gonar nakan tsaya in ƙiyasta faɗin kashi ɗaya cikin ashirin da huɗu, in ga bai fi kunya goma ba, in ji kunyar kaina in wuce.

Ta sauka ana gab da faɗuwar damina. Namiji. Bayan suna muka koma kotu, wannan karon har da ita, da jaririn a goye, da ungozomar da ta karɓi haihuwar. Alƙali ya tambayi ungozoma ko ya yi kuka da ya faɗo. Ta ce har maƙwabta sun ji. Ya ce to ya tabbata magaji.

Ya ja allo ya fara lissafi da ashirin da huɗu, ragowar ta ƙi rabuwa tsakanin yaran, sai ya ninka zuwa casa'in da shida. Uwa sha shida, mata sha biyu, kowace yarinya sha bakwai, jariri talatin da huɗu. Na bi shi a takardata, ya fita daidai. Na yi shekaru ina koyar da kason lamba, ban taɓa ganin an yi shi a kan gona da shanu ba.

Inna ta ce ita ba ta so. "Ni zan ci gadon yaron da na haifa? A bar wa yaran."

"Hajiya, Allah ne ya ba ki, ba ni ba," in ji alƙali. "Ki karɓa ya zama naki tukuna. Bayan nan ki ba wanda kika ga dama."

Sai ta ce to a sa mata karsanar da ba ta haihu ba a cikin nata.

Na tattara takarduna zan miƙe, tunda ba ni da sauran magana a wurin. Alƙali ya ce in zauna. Ya tambayi matar yayana wa ta yarda ya riƙe wa yaran dukiyarsu har su girma. Ta ce baffansu. Ya sa na matso, ya karanta mini abin da ke kaina: ba zan sayar da ko taku ɗaya na gonar ba sai da izinin kotu, kuma duk kaka zan zo in faɗi abin da aka samu. Na sa hannu a wuri uku. Ya ba ni takardar banki, ya ce in yi sauri, don an fara ganin hadari kuma gonar marayu ba a share ta ba.

Asabar ɗin nan na nemi fartanya da aron amalanke. Rabona da noma tun ina sakandare, kuma a yinin farko tafin hannuna duka biyu suka yi bororo.