Dutsen Shanya

Bayan unguwarmu a Jos akwai wani falalen dutse, shimfiɗaɗɗe kamar tabarma, tsakaninmu da unguwar Kiristoci. Shekara talatin ina shanya a kansa. Idan tumatir ya yi araha a kasuwar Terminus sai in saro, in yayyanka, in baza, ya zama kauɗa. Da kauɗar nan na ciyar da 'ya'ya biyar. Gefen gabas kuma na wata tsohuwa ne, Kirista, 'yar asalin tsaunukan nan, mai shanya acca. Ba ƙawata ba ce, kar in yi ƙarya. Mun sha zage-zage a kan kajinta. Amma in hadari ya taso, wadda ke kusa ita ke kwashe na kowa.

Bayan rikici aka raba gari, kowa ya koma cikin nasa. Sai maza suka tuna da dutsen. Wata safiya na hau da kwandunana, na tarar an jera duwatsu an fitar da alƙibla, daidai inda nake baza tumatir. Su wa suka jera? Mutanen da masallaci ke ƙofar gidansu, ladan ya yi ta kira har muryarsa ta dishe, suna kwance. Kafin mako ya zagayo ɗaya ɓangaren suka kafa gicciye, sabo fil, itacensa daga kasuwar Katako, wataƙila ma Musulmi ne ya yanka musu. Su ma na san su. Wanda ya riƙe gudumar, a gidan burkutu Lahadi ke samunsa.

Sai da na aurar da 'yata ta biyu na shiga ajin yaƙi da jahilci, amma wannan karatun bai buƙaci allo ba. Ba wanda ya hau dutsen nan don Allah ya fi jin addu'a a can. Yau ka kafa wurin ibada, gobe ka ce ƙasar taku ce. Daga nan mai unguwa naku, kansila naku, har famfo naku. In ka ce wa maza su fito kare wurin shanyar tumatir, ko biyu ba za su tashi ba. Ce musu addini, ka ga ɗari kafin azahar.

Wata Asabar shugaban kwamitin unguwarmu ya yi sallama, riƙe da takarda da ɗan gwangwanin tawada.

"Inna, ke kika fi kowa daɗewa a dutsen nan. Dangwala mana yatsa mu kai wa hukuma."

"Miƙo in gani."

Ya yi dariya. "Karantawa za ki yi, Inna?"

"A'a, miya zan kaɗa da ita. Miƙo."

Na bi ta da yatsa, layi-layi, yana tsaye yana tsaki. Wai tun zamanin haƙar kuza, ba wanda ya taɓa amfani da dutsen sai Musulmi.

Na ce, "Accar da matarka ke saye, a sararin sama ake shanya ta?"

"Inna, in suka karɓe, ina za ki yi shanya? Don ke muke yi fa."

Maganar ta taɓa ni, don ba ni da wani wurin. Amma na ce, "Don ni? Ka taɓa ɗaukar mini kwando ɗaya?" Na mayar masa da abarsa.

Kashegari na haɗu da tsohuwar a kan dutsen, babban yatsanta shuɗi da tawada. Ta yi saurin cusa shi cikin zane.

"Mama, kin san abin da takardarku ta ce?"

"Sun karanta mini, Hajiya."

"Kin ji, kuma kika sa?"

"Cikinsu nake kwana. Ke ma ki koma gida ki gani."

Na gani kuwa. Wata biyu maƙwabta ba sa amsa gaisuwata.

Takardu biyu suka isa gaban hukuma, da yatsana ko babu. Hukuma ta zagaye dutsen da wayar ƙaya, ta ce kada kowa ya sake hawa. Damina ɗaya gicciyen ya faɗi, awaki suka bi ta ƙarƙashin waya suka watsa alƙiblar. Cikin waɗanda suka rantse za su mutu a kansa, ban ga wanda ya ko leƙa ba.

Yanzu a kan kwanon ɗakina nake shanya. Kauɗar takan fito baƙa, da ɗanɗanon tsatsa, masu saye sun ragu. Shugaban kwamitin in ya wuce yakan ce, "Inna, da kin sa hannu." Matarsa har yau tana zuwa sayen kauɗa. Nakan zauna in tsince mata wadda ta fi baƙi, ita zan auna mata.