Dukusar da Na Bari a Turke

Tun muna samari ni da yayana muke kiwon goɗiyoyi a bayan gidanmu a Gwandu. Ba ma riƙe duk abin da suka haifa, don harawa da dusa ba za su kai ba. Idan kaka ta yi aka yaye dukusai, sai mu sake su a fili, mu tsuguna a gindin bishiyar bedi muna kallo. Shi ƙafa yake dubawa, ko ta miƙe, ko kofaton baya yana sauka a sawun na gaba. Ni kuwa hali nake bi. Wanda motsin kaza ke zaburar da shi ba na son sa. Haka za mu yi ta musu har mu tsayar da ɗaya, sauran a sayar.

Yayana ya rasu a farkon wata damina. 'Ya'yansa suna Birnin Kebbi, nawa kuma babur ne a ransu. Bayan rabon gado goɗiya biyu suka rage a hannuna, kowace da ɗanta. Ɗaya namiji ne baƙi wuluk, mai faɗin ƙirji, duk mai wucewa sai ya tsaya. Ɗayar mace ce ja, 'yar ƙarama, ba kwarjini.

Da kaka na sake su, na tsuguna inda muka saba. Na lura baƙin yana ɗan karkata ƙafar gaba in ya juya. Har na buɗe baki zan faɗa, na waiwaya, ba kowa sai inuwar bedi.

Na kasa yanke shawara, sai na hau mota zuwa Dangoma ta Kalgo, wurin wani tsohon Bafillace, aminin mahaifinmu, wanda goɗiyarmu ta fari daga hannunsa ta fito. Na tarar idonsa ya tafi, tumaki ne ɗaure a turakun dawakinsa.

"Mi yak kawo ka, ɗana?" in ji shi.

Na kwashe duka na gaya masa.

"Baffa, baƙin nan kyakkyawa ne, amma ban yarda da ƙafarsa ba. Ko idona ne ke ruɗi na?"

"In ka shiga da hantsi, wane ne ka tarbo ka?"

"Jar. Har hancinta take sawa a aljihuna."

Ya murza carbinsa.

"Ni ban iya gane maka ƙafa yanzu. Mai gane ta ya tahi. Abin da ka gani, shi za ka bi."

Muka ci tuwo tare. Da zan tashi ya riƙe hannuna, ya ce in ƙara zama kaɗan, an daɗe ba wanda ya yi masa hirar doki.

Na sayar da baƙin ga wani mutumin Kambaza, na kuma nuna masa ƙafar kafin ya ja ragama. Uwar ta yi kwanaki tana haniniya, tana kallon ƙofa. Maƙwabta suka ce na yi wauta.

Jar ta girma a hankali, ba ta taɓa harbin kowa ba. Bara ta haifi mace, kafin in kawo ruwa har ta miƙe tana laluben nono. Na shiga gida na faɗa, aka ce mini barka, kowa ya koma kan aikinsa. Na ɗauki lauje na tafi fadama yankan ciyawa.