Ramin da Na Haƙa wa Mai Tallar Maganin Maza

Ni ne mai kula da imel na ƙungiyarmu ta 'yan kasuwar riɗi a Lafiya. Wata tsohuwar kwamfuta ce a ƙuryar ofis ke karɓar saƙonninmu ta miƙa wa masu saye. Wanda ya haɗa ta tun kafin zuwana ya bar ta a buɗe, kowa daga ko'ina yana iya bi ta cikinta ya aika abin da ya ga dama. Wani ɗan iska da ban taɓa gani ba ya gano haka. Ya kwashi adireshin mutanenmu, ya dinga tura musu tallar maganin ƙarfin maza, har da hotunan da ba sa kalluwa. Ga sunana a ƙasa, domin shi ke fita a kan kowane saƙo.

Abin ya kai ga dattawan ƙungiya, ya kai ga surukina a Bukan Sidi. Na yi bayani har bakina ya bushe. Shugabanmu ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "To ɗana, in ba kai ba ne, yaya aka yi ya fito daga ɗakinka?" A wurinsu, duk abin da ya fita ta ƙofar mutum nasa ne.

Wani dillali kuwa jan ni gefe ya yi. "Oga, wannan magani naka yana aiki kuwa? Ba ni ba fa, matan abokina ne yana komplen." Da ƙyar na riƙe hannuna. Mutuncin da na daɗe ina tarawa ne wani ƙato ya zubar, yana can yana shan iska.

Rufe ƙofar ba wuya, amma in na rufe, gidan wani zai koma, ko a jikinsa. Sai na gyara kwamfutar ta riƙa karɓar saƙonninsa da fara'a, ta ce masa an aika, ta watsa su cikin rami inda babu mai gani. Na kuma sa ta jan ƙafa, kowane saƙo sai ta shanya shi kafin ta amsa. Injinan da yake shigowa da su na bi su ɗaya bayan ɗaya, na kai ƙararsu wurin masu toshe irin waɗannan. An ce ramin mugunta a gina shi gajere. Nawa da zurfi na gina, kuma ban yi nadama ba. Kullum da safe nakan zauna da shayina ina kallon wahalarsa tana tafiya a banza, daɗi har cikin raina.

Da komai ya lafa na nuna wa dattawa. Suka ce Allah ya kiyaye gaba, na ɗauka magana ta wuce.

Ran nan da la'asar limamin masallacin layinmu ya tafi wurin suna a Akurba. Da ma in ba ya nan, ni ake turawa gaba. Aka ta da iƙama, na ɗaga ƙafa, sai surukina ya riƙe hannun rigata a hankali.

"Bari yau wani ya ja mu," in ji shi, bai ko dube ni ba.

A sahu na yi sallar. Da na kai goshina ƙasa, ban roƙi lafiya ba, ban roƙi kasuwa ba. Allah ya isa kawai na yi ta ja wa mai tallar maganin nan, har wanda ya ja mu sallar ya ɗago ya bar ni a sujada.